Yadda Aka Sa Mini Malam Mirakul

Tun ranar da ɗan'uwanku Nura ya sa aka rubuta Mirakul da jan fenti a saman shagonsa na kayan noma a Funtua nake juya wannan magana a raina. Ya kai ni ya nuna mini yana ta murmushi, wai don girmama ni ya yi, tunda sunan da duk garinmu suka san ni da shi ke nan. Na yi masa addu'ar ciniki mai albarka, aka mayar da ni gida a babur, ban gaya masa asalin sunan ba. Amma na ga in na ci gaba da shiru, zan mutu in bar ku kuna ɗaukar zolaya a matsayin yabo. Kun taso kuna jin ana kirana Malam Mirakul, kuna kuma jin ana cewa ni na fara kawo masarar zamani unguwarmu, sai kuka haɗa biyun kuka shirya wa kanku labari mai daɗi. To ku zauna ku ji daga bakina, domin waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, waɗanda suka rage kuma suna jin nauyina.

Bari in fara da kalmar kanta, tunda koyar da Turanci na yi har na yi ritaya, kuma a kan wannan ba na jin akwai wanda zai gyara mini zama. Miracle, a asalin yadda masu harshen suka ajiye ta, ita ce abin da ya auku ba ta hanyar da Allah Ya saba gudanar da duniya ba, abin da hannun mutum da dabararsa ba su isa su kawo shi ba. Mu in a hannun annabi ne mu ce mu'ujiza, in a hannun wani bawan Allah na gari ne mu ce karama. Daga baya Turawa suka sassauta ta, har mutum ya fita lafiya daga motar da ta yi raga-raga su kira fitarsa da ita, inda mu za mu ce ikon Allah. Wannan ba ni da ja a kai. Inda nake ja shi ne inda 'yan kasuwa suka ɗauke ta suka manna a jikin sabulu da man shafawa da maganin basir da ake yawo da shi da lasifika. A aji, duk wanda ya rubuta mini cewa cin jarrabawarsa miracle ne, jan biro nake ja masa a ƙarƙashi, in tambaye shi ko bai yi karatu ba ne. Abin da aka yi wa wahala aka samu ba shi ke nan ba, haka ma abin da aka rubuta wa ƙa'idar amfani a jikinsa. Ɗalibaina sun ɗauka tsananin malamin Turanci ne kawai, ba su san a jikina na koya ba.

Kakanku, Malam Audu, ba mai kuɗi ba ne, ba kuma mai sarauta ba, amma daga ƙauyenmu har Maska in ka ce gidan iri kowa ya san inda kake nufi. Yana da wata farar dawa da ya gada wurin mahaifinsa, shi ma ya gada wurin nasa. Farfara ce, amma ba kamar ta kowa ba: kanta a cure yake, ƙwayarta ƙwal, tuwonta kuwa in ya kwana aka ɗumama sai ka rantse an sa masa man shanu. Mutane 'yar gidan Audu suke ce mata. Kafin a sa lauje a gona, Baba zai shiga shi kaɗai da 'yar wuƙarsa, ya bi kunya-kunya yana duban kowane kai kamar mai zaɓen surukai, ya yanke waɗanda suka yi masa, ya ɗaure dami uku, a rataye su a madafar Inna inda hayaƙi zai riƙa bugunsu. Kuma ba ya yarda iri ya tsallake damina bai shiga ƙasa ba. Cewa yake hayaƙi shekara ɗaya yake iya tsaro, bayan nan ƙwaro ya fi shi haƙuri. Da ruwan shuka ya sauka, mutane za su yi ta sallama da ƙore da kwanoni, shi kuma yana zaune a kan buzu yana murje zangarniya yana zuba musu. A wajenmu ba a sayar wa maƙwabci iri, ba a kuma hana shi. Saboda an san yana nan a gidanmu, gidaje da yawa ma sun daina wahalar ajiye nasu.

A wannan gida na taso, sai dai ni ne na farko da ya yi boko a cikinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan yi girma. Ina koyarwa a makarantar da ke kusa da mu, ina da keke, ina da agogo, in an kawo wasiƙa unguwa ni ake nema. Wata ranar kasuwar Bakori na tarar da mutane sun yi cincirindo a bayan wata mota, wani mutum a tsaye a kai yana ɗaga goyon masara mai tsawon zira'i. Buhunan da yake sayarwa 'yan ƙanana ne, masu sheƙi, an buga kalmar nan a jiki da manyan baƙaƙe. Wani dattijo ya ja hannun rigata ya ce, Malam, mene ne wannan rubutu? Na gyara murya yadda na baya za su ji, na ce mu'ujiza ke nan da Turanci. Na ga yadda aka juyo ana kallona, abin ya yi mini daɗi, sai na sayi buhu ɗaya na ɗaure a bayan keke.

Da na kai gida na nuna wa Baba, ya ɗebi ƙwayar a tafinsa. An rina ta da wani jan magani. Ya shinshina, ya mayar.

"Me ka ce sunanta?"

"Mirakul, Baba. Wato mu'ujiza."

"Mu'ujiza a buhu? Har da farashi?"

"Suna ne kawai, Baba."

"To, Isiyaku, ga gayaunarka can, je ka gwada. Amma kar in ji ka kira ta da wannan suna a gaban Liman."

Gayauna ita ce 'yar gonar da uba ke yankar wa ɗa daga cikin gandu ya noma don kansa. A tawa na shuka, na sa takin zamani sau biyu kamar yadda aka rubuta, na yi mata noma a kan kari. Jama'a, masarar nan ta yi abin da ba mu taɓa gani ba. Tsayinta ɗaya kamar an sa igiya an daidaita, ganye shar har yana baƙi-baƙi, kowane kara da goyo kamar damtsen ƙato. Masu wucewa zuwa kasuwa sukan jingine kekuna su tsaya kallo. Abin da na kwasa a 'yar gayaunar nan ya kusa kamo abin da gandu duka ya bayar na dawa. Inna kaɗai ce ba ta ruɗu ba. Ta tuƙa tuwonta ta ci, ta ce fari ne tas, amma kafin la'asar ya gudu ya bar mutum da hamma. Buhun kuma da ya zama fanko ta farke shi ta mayar abin shanyar kuɓewa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. A ƙasan babbar kalmar nan akwai wasu ƙananan layuka, kuma na karanta su tun a Bakori. An rubuta cewa wannan iri na shuka ɗaya ne, kada a ajiye daga abin da aka girbe a sake shukawa, a nemi sabo kowace shekara, kuma ba ya yi sai da taki. Turancin ba mai wuya ba ne, ɗan aji huɗu zai gane. Na karanta na yi tsaki, na ce wayon 'yan kasuwa ne don a riƙa komawa wurinsu. Tun da aka halicci duniya abin da ka shuka shi kake girba, ɗan abin da ka girba kuma shi kake mayarwa ƙasa, ina aka taɓa jin masarar da 'ya'yanta ba sa gadonta? Ban san cewa aure ne aka haɗa tsakanin iri biyu don a sami wannan haihuwa ɗaya tak ba, jikokin kuwa kowa kama gabansa yake yi. Rashin sanin ba laifi ba ne. Laifin shi ne an gaya mini a rubuce, ni kaɗai ne mai iya karantawa a unguwar, na kuma haɗiye.

Da kaka ta yi sai sallama ta fara yawa a ƙofar gida, amma a karon farko ba Baba ake nema ba, ni ake nema. Malam Tanko maƙwabcinmu, mutum mai barkwanci wanda ko a wurin jana'iza sai an riƙe dariya in yana kusa, shi ya fara zuwa da kwando.

"Ɗan Malam, a sammana mirakul ɗin nan mana, ko mu ma rumbunmu ya san ana yi."

Ku gaya mini, ta yaya ɗan Malam Audu zai buɗe baki ya ce wa maƙwabci je ka kasuwa ka saya? Da an ce boko ya koya mini rowa, da an ce gidan iri ya lalace a hannun ɗa. Wannan ita ce hujjar da na ba kaina, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma akwai wata a ƙarƙashi wadda sai yanzu da furfura nake iya faɗa: daɗi nake ji. Na zauna a inda Baba ke zama, ina zaɓar manyan goyo ina miƙawa, ana sa mini albarka. Kusan duk gidan da ke unguwarmu sai da masarata ta shiga, aka rataye ta a hayaƙi da ladabi kamar yadda aka saba yi wa dawa.

A wannan rani ne ciwon gwiwa ya sa Baba gaba, har ya tara mu ya ce ya sakar mini gandu, ni zan riƙa cewa ga abin da za a shuka. Ban ɓata lokaci ba na ce bana masara za a yi gaba ɗaya. Ya murza gwiwa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Rubutun da ke jikin buhun nan, ka karanta shi duka?"

"Na karanta, Baba."

"Ba abin da ya kamata in sani?"

"Babu."

"To shi ke nan. Gona taka ce yanzu. Abu ɗaya nake so, ka bar mini kunya goma ta wajen rafi ka jefa mini dawata, kar ta tsallake damina."

Na ce in Allah Ya yarda. Ruwa ya sauka Baba yana kwance, ko masallaci sai an riƙe shi. Ni kuma ga makaranta da safe, ga gandu da yamma, ga zumuɗi. Na shuka masara har bakin rafi, na ce in na sami sarari zan nemi wani gefe in jefa dawar. Sau biyu yana tambayata, sau biyu ina cewa gobe. Ba mantawa na yi ba, kada wani ya gyara mini labari, raina ta na yi. A zuciyata ina cewa wa zai sake waiwayar dawa bayan an ga wannan? Kafin in ankara lokacin shukarta ya wuce. Da na gaya masa, bai yi faɗa ba, ya dai dubi wajen madafa ya ce Allah Ya kai mu baɗi. Dami ukun nan suka ci gaba da rataya.

Tun masara tana gwiwa na san akwai magana. Wata ta yi tsawo, wata ta tsugune, wata ganye fale-fale kamar mai ciwon shawara. Mutane sun zuba ta a gonakin dawa da suka gaji, yawancinsu ba su da halin takin zamani, ni kuma ban gaya musu sai da shi ba. Wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe amfanin gona, ta samu wuri ta yi ta fure. Da aka zo karya, goyon da ya yi kirki ɗaiɗai ne, sauran wani rabin totuwa, wani ƙwaya tsilli-tsilli kamar bakin tsohuwa. Ba zan ce muku an yi yunwa irin ta labari ba, ba a yi ba, ban kuma son ƙari. Amma rumbunan da suka saba kai mutane har sabon hatsi, wannan karon tun zafin bazara bai yi nisa ba aka fara jin ƙasansu. Gidajen da ke cin tuwo sau biyu suka koma sau ɗaya. 'Yar dawar da ta rage wa mutane ta bara duk aka daka aka ci, ba wanda ya yi tunanin iri, tunda ga gidan Audu. Magidanta da yawa suka tafi Funtua dako. Malam Tanko ya sayar da bijimin huɗarsa guda, ya bar ɗayan yana kuka a turke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya zarge ni. Wasu suka ce ruwan ne ya yi gardama a tsakiya, wasu suka ce baki ne ya kama masarar saboda yawan yabo. Kowa ya ce haka Allah Ya so. Da na ja bakina, da har yau ina nan da mutuncina cif. Ina cikin wannan hali wata ranar Laraba na shiga gidan Malam Tanko gaishe shi, sai na hangi goyon masara a rataye a madafarsu. Ya bi 'yar masarar da ya samu ya tsince masu dama-dama, ya hana 'ya'yansa ci, wai irin baɗi.

"Bana ta yi mana fushi," in ji shi, "amma baɗi za mu shirya da ita."

Na yi masa sallama na fito. Wato za a sake, kuma wannan karon zai fi muni. Na wuce kai tsaye wurin Inna na ce ta ba ni buhun nan. Ta kakkaɓe kuɓewarta ta miƙo mini tana kallona. Rana ta cinye launinsa amma rubutun yana nan. Na sami Baba a zaure, na durƙusa, na karanta masa ƙananan layukan ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa.

"Yaushe ka ga wannan?"

"Tun ranar da na saya."

"Ranar da na tambaye ka fa?"

"Na sani a ranar."

Na ɗauka zai ɗaga murya, na ma fi son ya ɗaga. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

"Ba ni kaɗai ka yi wa ba. Naɗe shi, in an yi la'asar ka karanta wa mutane yadda ka karanta mini. Kar ka rage ko wasali."

Na sha tsayawa gaban aji, na sha tsayawa gaban masu duba makarantu, amma ban taɓa jin harshena ya yi nauyi irin na ranar ba. Aka sallame salla, Baba ya ce jama'a a ɗan dakata, Isiyaku yana da magana. Na tsaya a ƙofar masallaci da buhun shanyar kuɓewa a hannu, na karanta, na fassara, na ce na san da wannan tun kafin in ba kowa ko ƙwaya ɗaya. Liman ya ce in sake karanta babbar kalmar ta sama, na karanta. Ya ce me take nufi? Na faɗa, kaina a ƙasa. Ya girgiza kai ya ce ai da tun farko an kawo masa, da ya ce a bincika, don abin da Allah Ya keɓe wa annabawa ba ya zuwa a bayan mota. Sai Malam Tanko, wanda ya fi kowa asara, ya yi wata 'yar dariya.

"Ai kuwa mun ga mu'ujiza. Mutum ya shuka masara ya girbe totuwa, bijimi kuma ya ɓace a turke. Sannu da aiki, Malam Mirakul."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kar a yi wani abin. Sunan ke nan, daga wannan bakin ya fito, a wannan wurin. Ban taɓa jin haushin Malam Tanko ba, domin da dariyar nan ya sauke mini abin da ya fi ta zafi. Har ya rasu muna shiri.

Baba ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce gidansa ne ya ba mutane irin da ya cuce su, gidansa ne kuma zai ba su wanda zai tashe su. Duk wanda ya rataye masarar nan ya sauke ya ba yara su gasa. In ruwan shuka ya sauka kowa ya zo da ƙwaryarsa kamar yadda aka saba, dami uku na 'yar gidan Audu suna nan, za a raba ko da tafi ɗai-ɗai ne. Na ga fuskoki sun saki. Ni kaina na ji kamar an sauke mini dutse, na ce ashe abin zai gyaru.

Ruwan ya sauka wata ranar Asabar, mai yawa, har ƙasa ta yi sanyi. Washegari da hantsi zaurenmu ya cika har waje. Aka shimfiɗa wa Baba buzunsa, aka baza tabarma a gabansa, ni na hau turmi na kwanto damin farko. Tun a hannuna na ji bai yi nauyin da na sani ba. Daga waje lafiya lau yake, hayaƙi ya rine shi ya yi ja. Baba ya zari zangarniya ɗaya ya murza a tafinsa. Maimakon ƙwaya ta zubo tana ƙara a tabarma, sai wani gari ya tashi, ƙananan ƙwari suka watse suna gudu a tsakanin yatsunsa. Ya ɗauki ta biyu, haka. Ya ce a kawo dami na biyu. Ya ce a kawo na uku. Ya bi su kai da kai, bai tsallake ko ɗaya ba, mutane suna tsaye da ƙore a hannu. Kowace ƙwaya da 'yar hudarta, cikinta fanko. Da ya gama ya kakkaɓe hannuwansa a hankali, ya dubi jama'a.

"Ku yi haƙuri. Yau babu iri a gidan nan."

Suka yi ta ba shi baki, suna cewa ba komai Malam, Allah Zai kawo mafita, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Inna tana bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ina tsaye a gefen turmi, na rasa inda zan sa kaina. Kunya goma ya roƙe ni, aikin da bai fi na safiya ɗaya ba.

Na kwashe garin nan duka na kai bayan gida, na sa faifai na yi ta tsinta har la'asar. Na sami abin da bai cika tafi ba wanda ido bai ga huda a jikinsa ba. Na gyara wuri kusa da rijiya inda ƙasa ta fi kyau, na zuba taki, na shuka su ɗaya-ɗaya, na kewaye da ƙaya saboda kaji. Kullum kafin in tafi makaranta sai na je na durƙusa na duba, in na dawo ko keke ban jingine da kyau ba sai na koma. Dawa kwana huɗu take yi ta huda ƙasa. Aka yi huɗu, aka yi biyar. Na yi azumi, na yi sadaka, na roƙi Allah da duk addu'ar da na sani. A nan bakin rijiya na gane kalmar da na yi ta faɗa wa mutane da gadara. Abin da nake roƙo shi ne ainihinta: matacciyar ƙwaya ta rayu, a karya yadda duniya ke tafiya saboda ni. Allah Mai iko ne a kan haka, ban taɓa shakka ba. Amma ina roƙo ina jin kunya, don na san ba domin a ga girmanSa nake nema ba, domin a rufe ƙaryata ne.

Rana ta tara na tone rami ɗaya da yatsa. Ƙwayar ta ruɓe ta zama laka. Na tone na biyu, na uku. Ban ji zuwan Baba ba sai da inuwarsa ta rufe ni. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya naɗa rawani, ga sanda a hannu ɗaya, ga ƙwarya a ɗayan.

"Tashi haka nan, Isiyaku. Ta tafi. Damina kuma ba za ta jira mu ba."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun a zaure. Wanke hannunka, za ka raka ni."

Akwai wani Malam Bello a ƙauyen da ke gaba da mu, Bafulatanin da ya daɗe da zama ya koma noma. Bai shiga rububin masara ba, yana nan da kaurarsa, jar dawar da Baba ya saba cewa ta dawaki ce. Wurinsa Baba ya ce za mu. Na ce wa Baba ya zauna ni in je a keke, gwiwarsa ba za ta kai shi ba. Ya ce a'a, ba a aika yaro irin wannan. Na ce to ya kawo ƙwaryar in riƙe, ya hana ni. Muka bi ta tsakiyar unguwa da rana tsaka, yana gaba yana ɗingishi ina biye, mutane suna gaishe shi suna kawar da ido daga abin da ke hannunsa. Tafiyar da ba ta fi rabin sa'a ba sai da muka ninka ta, sau uku yana tsayawa ya huta. Shekararsa saba'in da wani abu a lokacin, bai taɓa tsayawa a ƙofar wani da ƙwarya ba.

Malam Bello ya fito da sauri jin muryarsa, yana ta lale, yana kiran a kawo tabarma a kawo fura. Baba ya ce a bar tabarma. Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya miƙa ƙwaryar da hannu biyu.

"Malam Bello, roƙon iri muka zo. Ba ni kaɗai ba, unguwa guda ce a bayana."